Daga Ina Za A Soma Labari?

Ku 'yan makaranta, mai tatsuniya ba shi da wahalar farawa, gama kaka da kakanni sun riga sun share masa hanya. Amma mai ƙaga labari a takarda, tilas ya zauna ya zaɓi ƙofar da zai shiga.

A shekarar 1933 Ofishin Fassara na Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar ƙaga labari da Hausa. Daga cikin littattafan da suka fito akwai Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. In mun duba na biyun, za mu ga bai soma da haihuwar Umar ba. Mun fara gamuwa da shi ya zama babban malami, almajirai suna tambayarsa asalinsa, sa'an nan ya koma baya ya ba su labarin ƙuruciyarsa da bautar da ya sha. Da haka mai karatu ya san yaron zai tsira, abin da ya rage masa shi ne ya ji ta yaya.

To, bari mu gwada wannan a ƙasar Zamfara. A ce ɗayanku zai ƙaga labari a kan kafuwar Gusau. Ƙofofi uku suna gabansa. Yana iya somawa daga 'Yandoto, tsohon garin malamai kusa da Tsafe, wanda rundunar Muhammadu Bello ta ci a 1806. Yana iya somawa daga Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, wanda ya kafa Gusau. Ko kuwa ya soma daga 1929, lokacin da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau har Ƙaura Namoda, gyaɗa da auduga suka jawo baƙi, mutanen Bunguɗu da Kwatarkwashi suna kai kaya tasha.

Kada ku ɗauka duk ɗaya ne. Wanda ya soma daga Malam Sambo, mutanen 'Yandoto za su shigo labarinsa a matsayin abokan gaba. Wanda ya soma daga 'Yandoto, mai karatu zai zauna da malamanta tukuna, ya san gidajensu, har faɗuwar garin ta taɓa zuciyarsa. Wanda kuwa ya soma daga tasha ya ba fatake da baƙi labarin, ya bar na da can baya. Kun dai san har yau sarautar Tsafe 'Yandoto ake kiranta, ashe sunan bai mutu tare da garin ba.

Saboda haka, kafin ku tsoma alƙalami a tawada, ku tambayi kanku: labarin wa za mu bayar, wa kuma za mu bari a bakin ƙofa? In kun sami amsa, kun sami mafari. Allah ya ba mu basira, amin.