Daga Samaru zuwa gonakin Kudan: abin da ya ɗaga sunan Jami'ar Ahmadu Bello

Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ɗalibai 426 a tsangayoyi huɗu. Gwamnatin Sardauna ta tattara cibiyoyin da ke tsaye tun da can ne ta ɗinke su wuri guda: Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo, tashar binciken noma ta Samaru, gonar dabbobi ta Shika, da wata kwaleji a Kano wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Norman Alexander ne ya fara riƙe ta, sannan Ishaya Audu ya karɓa a 1966 ya kai ta 1975, shekarar da gwamnatin tarayya ta karɓe ragamarta. Duk wanda ya dubi waɗannan tubalan zai gane nufin masu ginin. Arewa na ƙarancin akawu da alƙali da malamin gona da likita, kuma su aka kafa jami'ar ta samar.

A kan wannan aiki alfaharin 'yan ABU ya tsiru, kuma shaidarsa ba ta da nisa. Manomin Hunkuyi ko Ikara da ya je neman irin masara ya ce a ba shi SAMMAZ, ko irin wake SAMPEA, sunan Samaru yake ambata ko bai taɓa taka ƙofar jami'ar ba, domin harufan farko na sunan irin daga can suke. Mara lafiyar da aka ɗauko daga Kudan, asibitin koyarwa na Shika ake nufa da shi. Ahmed Makarfi, wanda ya mulki Jihar Kaduna daga 1999 zuwa 2007, a nan ya karanta ilimin akanta. Ga kuma al'adar musu da hujja da Abdullahi Smith ya dasa a sashen tarihi, Yusufu Bala Usman ya kai ta ƙarshe har masu mulki suka riƙa jin zafinta. Ko kafin jami'ar, a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya sun kafa ƙungiyar masu zane a Zariya, suka ƙi yarda a mayar da su 'yan kwaikwayon Turawa.

To sai a ce, yau matashi ya fi sanin 'yan wasan Arsenal da Barcelona a kan sunan shugaban jami'arsa, don haka makarantar da ke son a ji ta sai ta zuba kuɗi a ƙwallo ta ci kofi. Maganar ba banza ba ce. Wasa na haɗa Bahaushe da Bayarabe da Tibi a layi ɗaya cikin mintuna 90, abin da lacca kan daɗe ba ta yi ba. Amma kofi na shekara guda ne, baɗi wani zai ɗauka. A Amurka, inda wasan jami'o'i ya zama babbar kasuwa, Jami'ar Chicago ta rushe ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka a 1939 bayan ta sha cin kofuna a baya. Shekara uku bayan haka, ranar 2 ga Disamba 1942, a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo na filin da aka yashe, Enrico Fermi da abokan aikinsa suka fara sarrafa makamashin nukiliya. Sunan jami'ar bai ragu da komai ba.

Hasali ma wasan da Zariya ta yi fice a kai ya ƙara ƙarfafa wannan hujja. Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke, ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da yara ƙwallon kwando a filin ABU, kuma cikin yaran akwai Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Mutum ɗaya ne ya zauna wuri ɗaya har aikinsa ya zama gado, kamar dai yadda aka yi a gonar gwaji.

Sukar da ta fi nauyi ita ce tuna baya shi ne roƙo. Gaskiya ne, jami'ar da ta ga kisan ɗalibanta a watan Mayu 1986, ta kuma kwana a rufe wata takwas a yajin aikin malamai na 2022, ba za ta rayu da kirarin jiya kaɗai ba. Amma maganin hakan yana ɗakin gwaji da Laburaren Kashim Ibrahim da ɗakunan kwanan ɗalibai. Tsofaffin ɗaliban da ke Makarfi da Ikara da Kudan, idan za ku haɗa kuɗi don makarantarku, ku fara da nan, a gyara filin wasa da abin da ya saura.