Dalilin da ya sa YouTube ke yin shiru idan an buɗe manhajar haɗa kiɗa

Masu haɗa kiɗa da kwamfuta sun san wannan matsala. Mawaƙi ya aiko da samfurin waƙarsa ta WhatsApp, mai sitidiyo yana son ya saurara ya ɗora kiɗa, amma muddin FL Studio ko Cubase na buɗe, sauran manhajoji sun zama bebaye. Bidiyon YouTube ya tsaya cak, ko ya yi ta tafiya ba sauti. Wasu sukan ɗauka kwamfutar ce ta lalace, su biya mai gyara ya sake zuba Windows, su dawo su tarar abin yana nan. Galibi ba abin da ya lalace, direban sauti ne ya riƙe hanya.

Direba, wanda ake kira pilote da Faransanci, ƙaramar manhaja ce da ke haɗa kwamfuta da katin sauti. A tsarin Windows na yau da kullum, sautin kowace manhaja yana bi ta mahaɗa ɗaya, a gauraya su, sannan su fita ta lasifika. Wannan yana cin lokaci. Mai sauraron labarai ba zai lura ba, amma wanda ya danna fiyano sai daga baya ya ji sautin, ko mawaƙin da muryarsa ke dawo masa a kunne a makare, ba zai iya aiki ba. Saboda haka kamfanin Steinberg na Jamus, mai Cubase, ya fito da tsarin ASIO a ƙarshen shekarun 1990, wanda ke kewaye mahaɗar Windows ya kai sauti kai-tsaye ga katin.

Ƙananan sitidiyo da yawa ba su da katin sauti na waje, sai wanda ya zo da kwamfutar. Su ne ke dogara da ASIO4ALL, direban kyauta da ke rage jinkiri sosai, amma yakan kama katin shi kaɗai. Idan ya riga shiga, YouTube ya yi shiru. Idan wata manhaja ta riga shi, shi ne zai ƙi aiki.

Hanya mafi sauƙi ga mai FL Studio ita ce ya shiga saitin sauti ya zaɓi FL Studio ASIO a maimakon ASIO4ALL. Wannan direban yana yarda a raba katin da wasu manhajoji, sai dai jinkirinsa ya fi yawa. Ya dace da lokacin koyo, a tsara kiɗa ana kallon darasi. Ranar ɗaukar murya kuwa, gara a koma ASIO4ALL a rufe komai. Akwai kuma saitin Auto close, wanda ke sakin katin da zarar an danna wata manhaja, kuma Cubase na da irinsa. Da shi ana jin su bi-da-bi, ba tare ba.

A cikin Windows ɗin kansa akwai akwatin da ake yawan cewa a cire masa alama. A kwamfutocin Faransanci, irin waɗanda suka yawaita a Nijar da Chadi da Kamaru, an rubuta « Autoriser les applications à prendre le contrôle exclusif de ce périphérique ». Yana taimakawa idan manhajar ta hanyar Windows take fitar da sauti, amma bai cika hana ASIO4ALL halinsa ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne ma'aunin sautin. Faifan CD yana kan 44,100 Hz, bidiyo kuwa galibi 48,000 Hz. Idan manhajar kiɗa na kan ɗaya, Windows na kan ɗayan, sauti na iya ɗaukewa, ko ya riƙa ƙarar-ƙarar, ko murya ta sauya ta yi kauri ko siranta. A daidaita su kan lamba ɗaya kafin a zargi wani abu.

Mai hali ya sayi katin sauti na USB, irin su Focusrite Scarlett, wanda direbansa ke karɓar manhajar kiɗa da sauran sautin Windows lokaci guda. Masu Mac ba su cika gamuwa da matsalar ba, domin tsarinsu na Core Audio yana raba katin tun asali. Akwai kuma VoiceMeeter ta kamfanin VB-Audio na Faransa, mai tara sautuka wuri ɗaya, amma saita ta sai mai haƙuri.

Shi kuwa samfurin mawaƙin nan, babu dole a saurare shi a waje. A sauke shi a ja shi cikin manhajar ya zama layi na kansa, a ƙulla kiɗan da shi. Saƙon murya na WhatsApp yana zuwa ne a tsarin Opus, wanda ba kowace manhaja ke karantawa ba, amma VLC na iya mayar da shi MP3.