Taswira Mai Launi da Ruwan Tiga

A shekarar 1826 wani Bafaranshe, Charles Dupin, ya zana taswirar ƙasarsa, ya rina kowane lardi, wani fari wani baƙi-baƙi, gwargwadon yaɗuwar karatu a cikinsa. Daga nan dabarar ta bazu cikin ma'aikatun gwamnati na duniya.

A ƙasar Kano, sa'ad da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kora ruwa zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure domin noman rani. Taswira a lokacin aikin ƙwararru ce, tana ofis, manomi bai cika ganinta ba, alhali kuwa gonarsa aka zana.

A 2002 aka fara manhajar QGIS, wadda ake samu kyauta. Yanzu ɗalibi ko akawu yana iya rina kowace gunduma bisa yawan shinkafa ko tumatir da ta noma.

Sai dai launi guda yakan haɗa mai gona a bakin magudana da na can ƙarshenta, wanda ruwa kan kasa kai wa. Kafin a raba taki ko ruwa bisa launi, sai a je gonar, domin gani ya kori ji.