Daga Bakin Tsoho Zuwa Takarda: Tarihin Wasiyya a Garinmu

Kafin zuwan 'yan mishan, gona a ƙasarmu ta zuriya ce, magidanci riƙo kawai yake yi. Idan tsoho ya ji jiki ya yi nauyi, sai ya aika a kira ƙannensa da manyan 'ya'yansa maza, ya faɗi wanda ke bin sa bashi da wanda yake bi, ya nuna iyakar gona, ya ce ga wanda zai riƙe gida. Wannan ita ce wasiyyar kakanninmu, kuma ta yi amfani, domin shaidun duka a unguwa ɗaya suke kwana. Amma kada mu yabe ta fiye da kima: 'ya mace ba ta da rabo a gona, matar mamaci kuwa sau da yawa ita ma gadonta ake yi.

Da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, iyayenmu suka karanta a 2 Sarakuna sura 20 yadda aka aiki annabi Ishaya ya gaya wa Sarki Hezekiya ya kintsa gidansa kafin mutuwa. Suka kuma karanta a Littafin Ƙidaya sura 27 yadda 'ya'yan Zelofehad mata biyar suka nemi gadon mahaifinsu, Ubangiji ya ce gaskiyarsu ne. Na farkon ya shiga wa'azi nan da nan. Na biyun, mu faɗi gaskiya, dattawanmu sun daɗe suna tsallake shi.

Turawa su ma sun zo da tasu doka. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda Nijeriya ta gada, ta ce sai a rubuce, mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, kuma shaida ba ya cin abin da ya shaida. Kaɗan ne cikin mutanenmu suka bi wannan hanya. An ɗauka rubuta wasiyya kiran mutuwa ne, ko ma rashin bangaskiya, kamar ba mu ne muke rera waƙar tashin matattu kowace Ista ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne tafiyar 'ya'yanmu birni. Dukiya ta koma fili a Kaduna, gida a Jos, ajiya a banki. Dokar filaye ta 1978 ta sa takardar mallaka ta fi bakin dattijo nauyi. Dokar fansho ta 2014 kuwa ta sa iyalin ma'aikaci ba sa karɓar kuɗinsa sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da gado. Sunan da mutum ya rubuta a fom na ofis a matsayin makusancinsa ba ya mai da shi magaji, kuma gwauraye da yawa sai bayan jana'iza suka san haka. A 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar hana 'ya mace gadon mahaifinta.

Mu da muka yi hedimasta mun sha zaman sulhu tsakanin matar mamaci da 'yan'uwan mijinta, kowa na rantsuwa cewa shi marigayi ya gaya wa. Tsofaffin da suka ji da kunnensu sun riga mu gidan gaskiya, gidan da ake rigima a kansa kuwa ko titinsa ba su taɓa takawa ba.