Tsire a Kasuwar Kurmi: Kisan Bainar Jama'a da Harshen Mulki

A cikin kalmomin hukunci na Hausa akwai biyu da ma'anarsu ta asali ta kusa ɓacewa, wato hauni da tsirewa. Hauni shi ne mai sare kan wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Tsirewa kuwa ita ce a soke mutum a kan tsinin itace, a kafa shi inda kowa zai gani. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa irin wannan kisa jawabi ne da sarauta ke yi wa rayayyu.

A Kano ta zamanin da, fada ce ke yanke hukunci, wato Gidan Rumfa, wanda unguwar malamai ta Kabara ke maƙwabtaka da shi. Amma kasuwar Kurmi, wadda Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa, a nan ake zartarwa, domin nan ne fatake ke haɗuwa, su kwashi labari su kai ƙauye da birni.

Misali mafi shahara shi ne na Malam Ibrahim, jagoran Isawa, wanda aka tsire a Kurmi wajen 1867, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. An zarge shi da fifita Annabi Isa a cikin wa'azinsa. Sai dai lamarin bai tsaya ga aƙida ba. Tun wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa saboda rikicin haraji, ya kafa sansani a duwatsun Ningi, magadansa suka addabi ƙasar Kano da hare-hare. Saboda haka duk malamin da ya tara mabiya ba da yardar fada ba, abin tsoro ne.

Wannan dabara ba ta Kano kaɗai ba ce. A 1305 Sarki Edwad na Ɗaya na Ingila ya sa aka kashe Wiliyam Walas, jagoran tawayen Sikotilan, a filin kasuwar dabbobi ta Landan. Aka kafa kansa a kan gadar birnin, aka rarraba gaɓoɓinsa zuwa garuruwa huɗu na arewa.

Abin lura shi ne, a wurare biyun saƙon ya kuɓuce wa mai aikawa. Walas ya zama gwarzon 'yancin Sikotilan. Almajiran Malam Ibrahim kuwa suka watsu zuwa Ningi da ƙasar Zazzau, suka riƙe koyarwarsa, har wasu daga zuriyarsu suka nemi Likita Mila a Zariya a 1913. Sarki na da ikon tara jama'a a kasuwa, amma ba shi da iko a kan fassarar da za su koma gida da ita.