Asalin Kalma: Sulhu

Daga Larabci muka aro kalmar sulhu. Tushenta na nufin gyara abin da ya ɓaci, kuma daga nan salihi da maslaha suka fito. Malamai da alƙalai ne suka yaɗa ta, almajirai kuma suka san ta ta Sulhun Hudaibiyya na shekara ta 6 bayan Hijira. Da ta zauna a bakin Bahaushe, har aikatau ta haifa: sulhunta.

A gida, sulhu na dattawa ne. A zaunar da miji da mata, kowa ya sassauta, a tashi da addu'a. A bakin jakadu kuwa, takarda ce mai sharuɗɗa da sa hannu. Misali, Lakhdar Brahimi, ɗan Aljeriya, ya taimaka wajen ƙulla yarjejeniyar Ɗa'ifa ta 1989 da ta kai ga ƙarshen yaƙin basasar Labanon, amma a 2014 ya ajiye aikin shiga tsakani a Siriya ba tare da an daidaita ba.

Yau idan aka ce "sulhu da 'yan bindiga" a Zamfara ko Katsina, wasu na jin mafita, wasu na jin miƙa wuya.