Ingancin da Bai Ceci OS/2 Ba

A shekarar 1987 kamfanonin IBM da Microsoft suka fitar da OS/2, babbar manhajar da suka ƙera tare domin ta gaji DOS wajen tafiyar da kwamfutocin tebur. Ƙawancen bai yi ƙarko ba. Da Windows 3.0 ta fito a 1990 ta samu karɓuwa, sai Microsoft ya koma kan hajarsa, ya bar IBM da renon OS/2.

Ta fuskar aiki, OS/2 2.0 ta 1992 ta yi wa kishiyarta fintinkau. Ita ke raba wa ƙananan manhajoji lokacin aiki, ta kuma killace wa kowacce wurinta a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yadda idan ɗaya ta cije, galibi sauran sukan ci gaba. A Windows 3.1 kuwa, sai manhaja ta ga dama take sakin ragama, kuma guda ɗaya tak tana iya daskarar da komai, aikin yini ya salwanta. Sai dai OS/2 tana bukatar ƙwaƙwalwa mai yawa a zamanin da take da tsada, kuma akasarin kwamfutoci da Windows a cikinsu suke barin masana'anta.

IBM ya san mai saye ba zai rabu da manhajojin da ya saba da su ba, don haka ya ba OS/2 ikon tafiyar da na Windows. Dabarar ta zama gaba kura baya sayaki. Mai rubuta manhaja ya ga cewa idan ya rubuta don Windows ya samu kasuwa biyu da wahala ɗaya. Me zai sa ya sake rubutawa don OS/2? Da Windows 95 ta iso a watan Agusta na 1995, sabbin manhajojin da aka rubuta mata suka ƙi aiki a kan OS/2, gadar ta karye.

A 1999, a shari'ar gwamnatin Amurka da Microsoft, alƙali Thomas Penfield Jackson ya bayyana girman giɓin: Windows tana da manhajoji sama da 70,000, alhali OS/2 ko a ganiyarta kimanin 2,500 take da su. Masu saye suna bin inda manhajoji suke, masu rubutawa suna bin inda masu saye suke. A ƙarshen 2006 IBM ya daina ba ta tallafin yau da kullum, bayan ta daɗe tana hidima a injinan cire kuɗi na bankuna.

Wannan caca ba ta ƙare ba. Tun 2018 kamfanin Valve yake amfani da Proton wajen tafiyar da wasannin Windows a kan Linux, kuma tambayar da ta kayar da OS/2 tana nan: wa zai rubuta don Linux kai tsaye? Duk mai zaɓar wa ofishinsa babbar manhaja a yau, ya fara lissafa manhajojin da aikinsa ya dogara a kansu, kafin ya tambayi wacce ta fi sauri.